Yadda Fasahar Zamani Ta Siffanta Mace, daga Paris zuwa Tamale

Babu abin da masu zane na zamani suka fi yawan zanawa kamar mace. Tun daga wajen 1860, lokacin da masana ke ƙirga farkon fasahar zamani a Turai, har zuwa ayyukan da ake bajewa yau a Akra da Legas da Tamale, siffarta ce ta cika bangon zaurukan baje koli: uwa da goyo, amarya, 'yar kasuwa, mai ɗebo ruwa, mai rawa. Sai dai yawan fitowa a hoto bai ba ta iko da hoton ba. A mafi yawan wannan tarihi namiji ne ke riƙe da burushi, namiji ne ke sayen aikin, matar da ta zauna aka zana kuwa ba a cika rubuta sunanta a ƙasan allon ba. Shi ya sa masu nazarin wannan fanni sukan duba abu uku a jikin kowane hoto: wa ya yi shi, wa aka yi domin ya kalla, sannan an bar matar da sunanta ne ko an mayar da ita alamar wani abu dabam, kamar ƙasa ko al'ada ko talauci.

Zanen da aka fi fara wannan magana da shi shi ne Olympia na Édouard Manet, wanda ya yi a 1863 aka baje shi a Paris a 1865. Turawa sun daɗe suna zana mata ba tufafi, amma sukan fake da tatsuniyoyin Girkawa, su ce wata allahiya ce. Manet ya zana mace 'yar birni ta zamaninsa, ta kafe mai kallo da ido, abin kuwa ya tayar da ƙura. A cikin zanen akwai mace ta biyu, baƙar fata, sanye da tufafi, tana miƙo furanni. An yi fiye da shekara ɗari ana rubutu a kan farar, ana tsallake baƙar kamar tana cikin kayan ɗakin. Sunanta Laure, kuma sai a 2018, da baje kolin da Denise Murrell ta shirya a New York, sannan na gidan tarihin Orsay a Paris a 2019, aka juyo da hankalin jama'a gare ta sosai. A wannan baje kolin na Paris ne aka sauya sunan wani zane na 1800, wanda Marie-Guillemine Benoist ta yi, aka daina kiransa hoton wata baƙar mace aka koma kiransa hoton Madeleine.

Waɗanda suka biyo bayan Manet sun ƙara nisa. Paul Gauguin ya tafi tsibirin Tahiti a 1891 ya zana 'yan matan can yadda Bature ke son ya ga ƙasar da aka mallaka. Pablo Picasso, a zanensa na 1907 mai mata biyar, ya ba biyu daga cikinsu fuskoki masu kama da sassaƙen Afirka. A daidai wannan zamani masu ɗaukar hoto irin su Edmond Fortier na Dakar suna buga dubban katunan gidan waya ɗauke da hotunan matan Afirka ta Yamma, da yawansu an ɗauke su ƙirji a buɗe, an rubuta sunan ƙabila a ƙasa maimakon sunan mutum. Katunan sun shiga gidajen Faransa da Ingila, suka dasa wata siffa ta macen Afirka wadda har yau ba ta gama gogewa ba.

Sai a farkon shekarun 1970 aka fara tuhumar wannan gado da gaske. A 1971 Linda Nochlin ta rubuta maƙalar da ta nuna cewa ƙarancin manyan masu zane mata ya samo asali ne daga rufe musu ƙofar makarantu da hana su damar koyo. John Berger a 1972 da Laura Mulvey a 1975 sun bayyana yadda ake tsara hoton mace domin idon namiji. A 1989 wata ƙungiyar mata masu zane a Amurka, Guerrilla Girls, ta ƙirga ayyukan sashen zamani na gidan tarihin Metropolitan, ta samu masu zane mata ba su kai kashi 5 cikin ɗari ba, alhali kashi 85 cikin ɗari na hotunan tsiraici na mata ne.

A ƙasar da ake kira Ghana a yau, labarin ya rabu biyu tsakanin kudu da arewa. Turawan mulki sun mayar da Tamale hedikwatar yankin arewa a 1907, suka riƙi yankin a matsayin wurin samo leburori domin gonakin koko da ma'adinan kudu, ba su damu da gina makarantu ba. Kwalejin Achimota da ke kusa da Akra ta buɗe a 1927, kuma a can aka fara koyar da zane irin na zamani, kafin sashen ya koma Kumasi a 1952. Arewa kuwa ba ta sami makarantar sakandaren gwamnati ba sai 1951, a Tamale. Sakamakon haka a bayyane yake: macen arewa ta shiga hoto tun kafin wani ɗan arewa, balle 'yar arewa, ya sami damar riƙe kyamara ko burushi. Ta fito a littattafan jami'an mulki irin na R. S. Rattray na 1932 a kan ƙabilun arewa, a matsayin misali na tsaga ko ado ko sana'a.

Da aka sami 'yanci a 1957, masu zanen Ghana sun ɗauki mace suka mayar da ita tutar sabuwar ƙasa. Kofi Antubam, wanda ya rasu a 1964, ya zana matan Akan cikin natsuwa da kwarjini. Amon Kotei, wanda ya tsara tambarin ƙasar, ya shahara da zanen matan kasuwa masu ƙiba, a zaune gaban hajarsu, cikin launuka masu ƙarfi. Ablade Glover, haifaffen 1934, ya kwashe shekaru yana zana cunkoson kasuwa da dogayen mata masu ɗaga kai, yana shafa fenti mai kauri da 'yar wuƙa maimakon burushi. Waɗannan ayyuka sun mayar wa mace da mutuncin da katunan Turawa suka tuɓe mata, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma har yanzu ba wata takamaimiyar mace ba ce, "'yar kasuwa" ce kawai. Darajar da ta samu a jikin allo ma ba ta kare ta a titi ba, domin a 1979 sojoji sun rushe kasuwar Makola ta Akra, suka yi wa mata 'yan kasuwa bulala a bainar jama'a bisa zargin ɓoye kaya da tsauwala farashi. Kuɗin ƙasar na yanzu ma yana ɗauke da wannan rabo: fuskokin maza shida na gwagwarmayar 'yanci ne a kan yawancin takardun sidi, 'yar kasuwa kuma tana kan tsabar pesewa 50.

Wadda ta fara karya wannan tsari a Ghana ita ce Felicia Abban. Ta koyi ɗaukar hoto a wurin mahaifinta, ta buɗe shagonta a unguwar Jamestown ta Akra a shekarun 1950, ta kuma yi wa Kwame Nkrumah aiki. Tana da wata al'ada: idan ta yi kwalliya za ta fita biki ko taro, sai ta tsaya gaban kyamararta ta ɗauki kanta. A wani hoton tana cikin zane da riga da ɗaurin ɗankwali, a wani tana cikin tufafin Turai da jaka a hannu. Ita ta zaɓi tufafin, ita ta daidaita fitila, ita ta yanke shawarar inda za ta kalla. Hotunan sun zama tallar shagonta a lokacin, sai a 2019 duniya ta gan su a matsayin fasaha, lokacin da Ghana ta fara buɗe rumfarta a babban baje kolin Venis ƙarƙashin jagorancin Nana Oforiatta Ayim. A wannan rumfa an jera su tare da zanen Lynette Yiadom-Boakye da aikin Selasi Awusi Sosu, da na maza uku, El Anatsui da John Akomfrah da Ibrahim Mahama. Abban ta rasu a 2024.

Najeriya ta bi kusan wannan hanya. Zanen Tutu na Ben Enwonwu, hoton wata gimbiyar Ife, an sayar da shi fam miliyan 1.2 a Landan a 2018. Clara Ugbodaga-Ngu ta koyar da zane a kwalejin Zariya tun a shekarun 1950, amma sunayen ɗalibai maza da suka kafa ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 sun fi nata yawo a littattafai. Ladi Kwali, maginiyar tukwane, ita ce ta kai ga fitowa da sunanta da sana'arta a bayan takardar naira ashirin.

Zancen Ladi Kwali ya kawo wani gefe da ake yawan mantawa. Matan arewa sun daɗe suna yin fasaha, ba a dai kira ta da wannan suna ba ne. A Sirigu ta arewacin Ghana, can kusa da iyakar Burkina Faso, mata ne ke yi wa bangon gida ado bayan girbi. Sukan shafe shi da laka, su zana mesa da kada da saniya da layuka masu gwauraye da juna, da jar ƙasa da baƙa da fara, sannan su yayyafa makuba domin ruwan sama kada ya wanke. A 1997 wata malamar makaranta 'yar garin, Melanie Kasise, ta kafa ƙungiyar SWOPA, matan suka fara sauke zanen daga bango zuwa kan yadi da takarda ana saye. A Kukuo cikin Tamale mata ne ke gina tukwane da randuna. A gidajen Zango kuma akwai ƙunshi da kitso da jeren ɗakin amarya, inda ake zaɓen launi da tsari da ido irin na gwani. Abin lura shi ne, a duk waɗannan mace ba ta cika zana fuskar mace ba. Takan bayyana kanta ta hanyar tsari da launi da wurin da ta ƙawata. Makarantun boko sun sa wa wannan suna sana'ar hannu, suka keɓe sunan fasaha ga fenti a kan allo, rabon da ya fitar da mafi yawan mata daga lissafi tun kafin a fara ƙirga.

Wanda ke son ganin siffar mace a Tamale ta yau ba sai ya shiga zauren baje koli ba. Titin da ya ratsa unguwar Lamashegu ya nufi Kumasi ya ishe shi. A ƙofar shagon gyaran gashi akwai allo mai jerin kawunan mata, kowanne da irin kitsonsa. A da mai zanen allo ne ke yin su da fenti a kan falanki, yana kallon kitson da ake yayi a unguwa. Yanzu yawanci leda ce da aka buga da na'ura, hotunan an ciro su daga intanet, fuskokin kuma sau da yawa sun fi na matan da ke zaune a shagon haske nesa ba kusa ba. Wannan sauyi ya ci sana'ar masu fenti, kuma yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da cinikin man bilicin. A shagon tela akwai kalandar ɗinki, mata a tsaye cikin atamfa da leshi. A shagon mai hoto kuma akwai amare, hannuwa da ƙafafu sun sha lalle, an gyara mayafi, an ɗan sunkuyar da kai saboda kunya. Daga cikin ukun nan, hoton amarya ne kaɗai matar da ke ciki ta biya kuɗinsa, ita da danginta suka ce a goge wannan a bar wancan.

Akwai nau'i na huɗu, kuma shi ya fi tafiya nesa. Tamale cike take da ofisoshin ƙungiyoyin agaji, allunansu da rahotanninsu kuma suna da macen da suka fi so: tana tsintar kaɗanya, ko tana kirɓa man kaɗe, ko tana ɗauke da jarkar ruwa da goyo a baya. A jaridun Akra kuwa 'yar arewa ita ce kayayo, yarinya da gammo da babban kwano a ka, tana ratsa kasuwar Agbogbloshie ko ta Kejetia. Ba ƙarya ba ne, waɗannan mata suna nan kuma wahalarsu ta gaske ce. Illar ita ce maimaici. Tamale gari ne da mace ke tuƙa babur da hijabinta, ta kai yara makaranta ta wuce ofis ko rumfarta, akwai hajiyoyi masu sarin hatsi da tirela, akwai malaman jami'a da ma'aikatan jinya. Hoton da ke tara kuɗin tallafi shi ake bugawa, don haka waɗannan ba sa fitowa.

Addini ma yana da hannu a cikin lamarin. Mafi yawan mutanen Tamale Musulmi ne, kuma hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar mai rai sananne ne a wurinsu. Malamai da yawa sun bambanta hoton kyamara da gunkin da aka sassaƙa, wasu kuma sun tsananta a duka biyun. Wannan ya sa mutum-mutumin mace ko zanen jikinta ba shi da kasuwa a gidajen Musulmi, alhali hoton biki yana cikin kowace waya. Mai zanen da ya taso a irin wannan gari yakan nemi hanyar yin magana a kan mutum ba tare da zana jikinsa ba, ta tufa ko ta kayan aikinsa.

Ibrahim Mahama, wanda aka haifa a Tamale a 1987 ya yi karatu a jami'ar Kumasi, ya yi suna ne da irin wannan hanya. Yakan tara tsofaffin buhunan koko waɗanda suka koma ɗaukar gawayi da hatsi, a ɗinke su, a lulluɓe manyan gine-gine da su, kamar yadda ya yi a Venis a 2015. Masu ɗinkin da yawansu 'yan cirani ne daga arewa, har da 'yan kayayo. Ya ɗauki hotunan hannuwan wasu daga cikinsu an ɗora a kan tsofaffin taswirori da takardun zamanin mulkin mallaka. A jikin hannun akwai rubutun da aka tsaga da allura: sunan mai hannun, ko na wani ɗan'uwa, ko na garinsu. Masu zuwa kudu ba tare da katin shaida ba sukan yi wannan rubutu domin idan hatsari ya faru a san inda za a kai labari. Wannan yana cikin hotunan 'yan cirani mafi nauyi da aka yi a Ghana, domin ba a nuna fuskar tausayi ko kaya a ka ba, kuma sunan da ke ciki mai shi ne ya sa aka rubuta tun kafin mai hoto ya zo.

Da kuɗin ayyukansa Mahama ya buɗe cibiyar fasaha ta SCCA a Tamale a 2019, sannan Red Clay a 2020, inda aka ajiye tsofaffin jiragen sama da taragon jirgin ƙasa, yara suna shiga ana yi musu darasi. Ya kuma mayar da wani rumbun siminti na zamanin Nkrumah wurin baje koli mai suna Nkrumah Volini. A 2024 ya lulluɓe wani ɓangare na ginin Barbican a Landan da yadi ruwan hoda da shunayya mai faɗin kusan murabba'in mita 2,000, an ɗinka masa tsofaffin rigunan batakari kimanin ɗari. Ɗaruruwan masaƙa da maɗinka na Tamale ne suka yi aikin da hannu, mata da yawa a cikinsu, an shimfiɗa shi a filin wasa na Aliu Mahama saboda girmansa. Mahama bai ɓoye wannan ba, hotunan matan suna ɗinki sun bazu tare da labarin aikin. Duk da haka tsarin kasuwar fasaha suna ɗaya yake rubutawa a kan aiki, kuma tambayar da Sirigu da Kukuo suka daɗe da ita ta sake tasowa a nan: wadda ta riƙe allura ma'aikaciya ce ko abokiyar ƙirƙira? Tambaya ce da ta cancanci a yi ta a Tamale, a gaban matan da abin ya shafa, kuma kasancewar cibiyoyin a garin ya sa hakan zai yiwu.

Inda mata suka riƙe kyamara da kansu, abin da ake nunawa ya sauya. Fati Abubakar ta fara Bits of Borno a Instagram a 2015, lokacin da duniya ba ta san komai game da matan Borno ba sai kuka da sansanin gudun hijira, ta nuna su a kasuwa da wurin biki da ranar Sallah. Rahima Gambo ta yi aikinta mai suna Tatsuniya tare da 'yan matan wata makaranta a Maiduguri, suna wasa cikin jan yunifom ɗinsu, su ma suna da ta cewa a kan yadda za a ɗauke su. Zohra Opoku, mazauniyar Akra, tana buga hotuna a kan tsofaffin yadudduka, sau da yawa fuskarta a ɓoye bayan ganye, kuma a jerin Harmattan Tales ta yi aiki da matan Musulmi na Akra a kan lulluɓi da abin da mace ta zaɓi ta nuna ko ta rufe. Yaba Badoe, a fim ɗinta a kan matan da aka kora zuwa Gambaga bisa zargin maita, ta bar su sun ba da labarinsu da bakinsu. A 2021 zauren Gallery 1957 na Akra ya kafa kyautar Yaa Asantewaa domin mata masu fasaha kawai, Araba Opoku ta fara cinye ta, Priscilla Kennedy ta biyo baya a 2022.

Yawancin waɗannan sunaye daga kudu suke ko daga Najeriya, kuma dalilin yana komawa ga makaranta da kuɗi. Babbar makarantar koyon zane tana Kumasi, manyan zaurukan da ke sayar da aiki suna Akra, iyaye kuma sun fi yarda 'yarsu ta karanci jinya ko koyarwa ko ta koyi ɗinki, sana'o'in da ake ganin amfaninsu nan da nan. Yarinyar Lamashegu da ke da hannun zane takan ƙare a ƙunshi ko kwalliyar amare, inda ake biyanta a ranar. Abin da ya sauya a 'yan shekarun nan shi ne wayar hannu ta sa kyamara a hannun kowace, kuma makarantun Tamale suna kai ɗalibansu, maza da mata, su ga aikin fasaha a Red Clay da SCCA ba tare da sun yi tafiyar yini guda zuwa Akra ba.